Yawon gidan tarihi a cikin salula: mu kai yara, amma mu san inda za mu sauke su



Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Maraɗi ya haura 600, daga Tawa ya haura 500. A Yamai ɗin ne babban gidan tarihin ƙasarmu yake, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, kuma tun 1959 aka buɗe shi. Duk wanda ya san kuɗin mota da na masauki da na abinci ya san cewa mafi yawan yaran da muke karantarwa za su gama firamare, wasu ma har su gama kwaleji, ba su taɓa taka ƙofar gidan nan ba. Muna rubuta musu taƙaitaccen darasin tarihi a allo, su kwafe, su haddace, su zuba mana shi a takardar jarrabawa, bayan mako biyu ya bi iska. Dalili kuwa a fili yake: an ba su suna ba a nuna musu mai sunan ba.

Shi ya sa nake ganin wannan abu da ake kira yawon gidan tarihi ta intanet ya cancanci mu tsaya mu dube shi da idon basira. Ra'ayina shi ne mu karɓe shi, mu yi aiki da shi a gida da lakwal, amma bisa sharuɗɗa. In babu sharuɗɗan nan, zai zama wata sabuwar hanyar ƙone forfe da ɓata lokacin yaro.

Bari in fara da bayanin abin, don ba kowa ya saba da shi ba. Iri uku ne. Na farko, an shiga ɗakunan gidan tarihi da kyamara mai ɗaukar hoto ta kowane gefe, an haɗa hotunan, ta yadda in ka sa yatsa a kan salula za ka juya dama da hagu, ka dubi rufi, ka danna kibiya ka matsa gaba kamar kana tafiya a ciki. Na biyu, rumbun hotuna ne na kayan da ke gidan, kowane da bayanin inda aka samo shi da zamaninsa, kuma kana iya jawo hoton kusa har ka ga zanen da ido ba ya gani daga nesa. Na uku, bidiyo ne da wani ma'aikacin gidan ke zagayawa yana bayani. Kamfanin Google ya fara irin wannan aiki a 2011 da gidajen tarihi 17, yanzu kuma shafinsa na Google Arts & Culture ya tara dubbai. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka kafa a 1753 kuma yake riƙe da kaya wajen miliyan 8, ana iya zaga ɗakunansa ta wannan hanya. Gidan Louvre na birnin Paris ya zuba bayanan kaya sama da 480,000 a intanet a watan Maris na 2021. Gidan tarihin halittu na Smithsonian a Washinton, babban birnin Amurka, yana da yawo ɗaki bayan ɗaki, tun daga ƙaton giwan da ke tsaye a zauren shiga har ɗakin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe. Shiga duk waɗannan kyauta ne. Abin da za ka biya shi ne kuɗin intanet da cajin batir.

Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe makarantu a duniya, mu ma aka rufe namu daga watan Maris zuwa farkon Yuni, wannan yawo ya yi kasuwa a ƙasashen da kowane gida ke da kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu a nan yaranmu zaman gida kawai suka yi. Annobar ta wuce, amma ƙofofin da aka buɗe a lokacin ba a rufe su ba, kuma salula mai shafawa ta ƙara yawa a hannun mutane, har a ƙauyuka. Tambayar da ke gabanmu yanzu ita ce yadda za mu ci moriyar abin da irin ƙarfin da muke da shi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san gaskiyar maganar nan. Ka ce wa ɗan aji biyar mutanen Masar na da suna rubutu da hotunan tsuntsaye da idanu, zai gyaɗa kai kawai. Ka nuna masa dutsen Rosetta da ke gidan tarihin Birtaniya, ya ga rubutu iri uku a jere a kan dutse guda, ka gaya masa cewa ta hanyar gwada na sama da na ƙasa ne Champollion ya warware karatun a 1822, sai ka ga tambayoyi sun fara fitowa. Wa ya rubuta? Da me ya sassaƙa? Me ya kai dutsen Masar Landan? Tambaya ta ƙarshen nan ita kaɗai ta isa darasin mako guda a kan mulkin mallaka. Yaron da ya yi tambaya da bakinsa ba ya mance amsar da aka ba shi.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne tarihinmu ma yana cikin waɗannan rumbuna. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono ƙasusuwan dinozor da suka yi suna a duniya. Ouranosaurus nigeriensis, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya gano a shekarun 1960, sunan ƙasarmu ne a jikinsa. Haka Nigersaurus, mai haƙora wajen 500, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Haka ƙaton kadan nan Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya haura mita 9. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Gidan tarihin Birtaniya ya zuba dubban hotunan zanen duwatsu na Afirka a intanet, har da na Nijar. Ka rubuta kalmar Hausa a rumbun wannan gida, za ka ga manyan riguna masu aska da kayan fata da hannun kakanninmu ya yi. Yaron da ke ganin ƙasarsa kullum a ƙarshen jerin ƙasashe a labaran rediyo yana da haƙƙin ya san cewa masana na tasowa daga nesa don abin da ke ƙarƙashin yashinta.

To, ga abin da masu ja da wannan ra'ayi ke faɗa, kuma maganganunsu ba na banza ba ne.

Na farko suna cewa wane yawo ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ke da kuran, inda yara da yawa ke karatu a ajin zana suna zaune a ƙasa, inda uba ke lissafin kwanon hatsi kafin ya yi lissafin mega? Gaskiya ne, kuma yawon da ake juya hoto ta kowane gefe yana shan mega sosai, in rezo ya yi rauni kuma hoton ya tsaya cak. Sai dai ba dole ne kowane yaro ya shiga intanet da kansa ba. Malami guda da ya shigo gari karɓar albashi, ko ya samu wurin da intanet ke da ƙarfi, zai iya zaga ɗaki ɗaya, ya ɗauki hotunan allon salularsa guda goma, ko ya naɗi bidiyon minti uku na yawon, ya adana. Daga nan sai ya tura wa ƴan'uwansa ta Bluetooth ko katin ajiya, yadda matasa ke tura wa juna waƙoƙi da finafinai ba tare da kashe ko dala ba. Hanyar da fim ɗin Kano ke bi ya isa ƙauyen da ba eriya, ita ce hotunan gidan tarihi za su bi. A aji kuma a kasa yara rukuni-rukuni, salula ta zaga, sauran suna zana abin da suka gani kafin ta dawo. Da babu gara ba daɗi.

Na biyu suna cewa salula ta riga ta lalata mana yara, yanzu kuma malami ne da kansa zai ce a miƙa musu ita? Wannan tsoro na fahimce shi, don ni ma ina ganin yadda yaro ke zuwa aji da jajayen idanu saboda kallon dare. Amsar ita ce sharaɗina na farko: ba a miƙa wa yaro salula a ce je ka yi yawon gidan tarihi. Babba ne ke riƙe ta, yaro na gefensa. Ko gidan tarihi na gaske ba wanda ke sauke ɗan shekara tara a ƙofa ya juya. Yaron da aka bari shi kaɗai zai danna kibiya sau ashirin cikin minti biyu, ya gaji, ya zame zuwa TikTok. Zaman babba a gefensa shi ne darasin.

Na uku ya shafi tarbiyya da addini. Gidajen tarihin Turai cike suke da mutum-mutumi da zane-zane na tsiraici, musamman ɗakunan Girka da Rum, akwai kuma gumakan da mutanen da suka bauta wa. Uba yana da gaskiya in ya ce ba ya son ɗansa ya faɗa kan irin wannan ba shiri. Saboda haka sharaɗi na biyu: babba ya riga yaro shiga, ya zaɓi ɗakin da za a gani, ya san abin da ke bayan kowace ƙofa. Kuma zaɓi yana da yawa. Akwai gidan kayan fasahar Musulunci na Doha a ƙasar Katar. Akwai tsofaffin takardun Alƙur'ani da ke jami'ar Birmingham a Ingila, waɗanda binciken 2015 ya nuna suna cikin mafi tsufa da aka sani. Akwai shirin Mali Magic da Google ya fitar a 2022, mai ɗauke da shafuka sama da 40,000 na littattafan Tumbutu, inda yaro zai ga malaman yankinmu sun yi rubutu a kan taurari da lissafi da magani tun kafin Bature ya iso. Game da kayan mutanen da suka shuɗe kuwa, Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Kallo don ɗaukar darasi daban yake da girmamawa, kuma uba ko malami shi ne zai bambance wa yaro su.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Suna cewa kayan nan da yawansu kwashe su aka yi lokacin mulkin mallaka, yanzu kuma a nuna mana hotonsu mu yi godiya? Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a watan Nuwamba na 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan 70,000 daga ciki a gidan Quai Branly kaɗai. Bayan shekara uku, a Nuwamba na 2021, guda 26 aka mayar wa Jamhuriyar Benin. Ka gwada 26 da 90,000. Gani ba ci ba ne, kuma hoto ba ya biyan bashi. Amma fa wanda bai san abin da aka ɗaukar masa ba, ba ya iya zuwa neman sa. Shafin Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya tattara bayanan kaya sama da 5,000 na masarautar Benin ta Najeriya da suka warwatsu a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, mafi yawansu sakamakon harin sojojin Ingila na 1897. Wannan jeri ya zama hujja a hannun masu neman a dawo da kayan. Yaron da ya ga kayan kakanninsa a bayan gilashi a wata ƙasa, ya tambayi yadda aka yi suka je can, shi ne gobe zai zauna a teburin da ake maganar dawo da su.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗi na uku, wanda na fi ba muhimmanci: duk yawon da aka yi a salula ya ƙare a gida. Bari in ba da misalin darasi guda. Gidan tarihin Birtaniya yana da ɗaki na musamman a kan tarihin kuɗi. Ka nuna wa yara hoton wuri, ka gaya musu daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, ya ratso teku da ƙasashe har ya zama abin saye da sayarwa a kasuwannin Katsina da Kano da Damagaram. Sannan ka tambaye su jam'in kalmar wuri. Da yawa ba su san cewa kuɗi ɗin nan da muke faɗa kullum shi ne jam'in wuri ba. Ka nuna musu azurfar Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasashen nan, ka ce musu daga sunan irin wannan azurfa ne muka samo dala da muke ƙirga tamma biyar da ita har yau. Daga nan ka aike su gida: kowa ya tambayi kakarsa ko ta taɓa ganin wuri, a ina, me ake yi da shi. Washegari wani zai zo da wuri ɗaya da aka ciro daga tsohon adon ƙwarya, wani zai zo da labari. An tashi daga Landan an sauka a ɗakin kaka, kuma a nan ne ilimin ya zauna.

Haka za a yi da kowane darasi. An ga tukwanen mutanen da, sai a je wurin mai ginin tukwane na unguwa a ga yadda take yi. An ga takubba da sulke, sai a je maƙera. An ga fadar wani sarki na Turai, yaran Damagaram su je Birni su dubi fadar Sultan da ginin Hausa mai zane a bango, a ba su labarin Tanimun da ganuwarsa da igwoyin da aka ƙera a garin, a tuna musu cewa Damagaram ce babban birnin ƙasar har zuwa 1926. Yaran Maraɗi da Tsibiri a ba su labarin yadda Katsinawa da Gobirawa suka kafa garuruwan nan bayan jihadi. A kusurwar aji kuma a ware wuri a ajiye abin da yara suka kawo da izinin iyayensu: tandu, zabira, tsohuwar fitilar aci-balbal, mazari, allon karatu da ya ga shekaru. Kowane a rubuta masa ƴar takarda da sunansa da amfaninsa da gidan da ya fito. Ajin da ya yi haka ya mallaki gidan tarihinsa, kuma yaran sun gane aikin da ake yi a manyan.

Ga iyaye a gida, abin bai kai wahalar da ake zato ba. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i ko ranar hutu. Ɗaki ɗaya, kaya kamar biyar. A kan kowane ka tambayi yaro me yake gani, da me yake jin an yi shi, me muke da shi a nan mai kama da shi. Ba sai ka iya Faransanci ko Ingilishi ba. Wa ko ya da ke kwaleji ya karanta bayanin, kai kuma ka kawo abin da ka sani na gida, a yi hirar da Hausa. In an yi tambayar da ba mai amsarta a gidan, a rubuta a kai wa mushe. Ina kuma roƙon a kula da abu guda: kada salula ta tsaya a hannun ƴaƴa maza, ƴan mata suna can wurin wanke-wanke ko talla. A jira su gama, ko a rage musu aikin a daren, a zauna tare.

Saura magana ga hukuma da jami'o'inmu. A yau yaron Gure ko na Dakwaro ya fi sauƙin samun hanyar leƙa Louvre a salula a kan ya leƙa kayan ƙasarsa. Wannan bai dace ba. A gidan Bubu Hama akwai ƙasusuwan dinozor, akwai tufafin ƙabilunmu, akwai gawar icen Tenere, icen nan da ya tsaya shi kaɗai a hamada ba wani ice kusa da shi, sai da mota ta kaɓe shi a 1973. Akwai kayan yumɓu na Bura da Bube Gado ya jagoranci tono su a 1983. A cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni akwai dubban littattafan hannu na Larabci da ajami. Akwai tsohon garin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Ɗaukar waɗannan a hoto mai kyau da gajerun bidiyo marasa nauyi ba aikin biliyoyi ba ne. Ɗaliban tarihi da na kwamfuta a jami'o'in Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa za su iya shi a matsayin aikin kammala karatu. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to bayanin ya zo da murya cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu, don uwar da ba ta yi lakwal ba ta saurara tare da ɗanta. A zuba shi a katin ajiya a raba wa masu duba makarantu, su kai wa daraktoci, ya isa inda rezo bai isa ba.

Kafin hakan ta samu, kada mu naɗe hannu. A taron ƙara wa juna sani na malamai, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin tara hotunan darasi guda, wani ya ɗauki na gaba, a yi musaya. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye su taimaka da kuɗin forfe na wata da cajin salula. Makarantar da ke kusa da gidan tarihi ko fada ko marina ko maƙera kuma ta kai yaranta da ƙafa, don ranar da yaro ya tsaya gaban ƙashin da ya fi shi tsawo sau uku, zai ji abin da gilashin salula ba zai taɓa ba shi ba. Waɗanda nisa ya hana, a nuna musu a salula tukuna, da fatan wata rana za su je da kansu.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba su ilimi mai amfani.